Kotun Bakin Ƙofa

Litinin

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Auta da maigidanta da 'yan biyun da suka ƙwace min ke yau wata uku. Yaya ƙafar? Kina shafa maganin, ko yana ƙasan jaka yana hutawa? Na san Auta ce ke karanta miki, tunda har yau kin ƙi tabarau. To Auta, ki karanta yadda na rubuta, ban da ƙari, ban da dariya.

Kada ganin wasiƙa ya tsorata ki. An yi aikin maƙogwaron ranar Alhamis, an cire ɗan tsiron, likita ya ce ba mugu ba ne, mun gode Allah. Sai dai ya ɗaure min baki mako uku: ba magana, ba raɗa, ko gyaran murya ya ce in yi da dabara. Na rubuta masa a takarda cewa shekara saba'in da ɗaya ban taɓa yin shirun awa guda ba, in ba barci nake ba. Ya ce ai ya gani a maƙogwaron. Shi ya sa ba ki ji ni a waya ba. Na san abin da za ki ce, da ma a gabanki aka yi wannan shiru ki more shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maganar jikanmu Takwara ce, angon naki.

Kin san bencin da na ƙera da hannuna na ajiye a bakin ƙofar gidan nan, inda muke yini ni da Sajan da Hedimasta da Tela. Iyali goma sha biyu ne a gidan, ƙofa kuwa ɗaya, duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gabanmu. To tun bayan tafiyarki Takwara ya daina gaishe mu. Da farko yakan wuce kai a sunkuye, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Daga baya ma muka daina ganin wucewar tasa. Sai dai mu ji motsinsa a ciki, alhali ba wanda ya ga shigarsa. Sajan, wanda ya shekara goma sha biyar da ajiye kaki amma har yau bai yarda ya ajiye ba, ya ce a bar masa binciken. Ranar Litinin da ta wuce ya laɓe a bayan tankin ruwa, daidai lokacin tashi daga makaranta, sai ga yara huɗu suna dirowa ta katangar baya ɗaya bayan ɗaya, da jakunkunansu. Namu ne na biyu, wandon makaranta a yage har gwiwa. Har da jikar Tela, yarinyar nan mai baki da ake kira Lauya.

Hedimasta ya ce zamani ya canja, yanzu ba a hukunta yaro sai an saurare shi. Washegari muka shimfiɗa musu tabarma a gaban benci. Hedimasta ya buɗe taro da bayani a kan tarbiyya, ya ci minti arba'in. Sajan ya karɓa, ya jero mutanen da ya sani waɗanda suka fara da katanga suka ƙare a gidan yari. Ni kuma, da maƙogwaron da ke jiran wuƙa, na ba su labarin nan na kakata, na yaron da ya ƙi gaida tsohuwa a bakin rafi, har da waƙar. Da muka gama aka tambaye su ko suna da abin cewa. Suka ce babu. Muka tashi muna yaba wa kanmu.

An yanke shawarar jera fasassun kwalabe a kan katangar ƙarshen wata. Wannan da sauƙi. Mai nauyin shi ne Babba. Kin san ɗan naki, ba ya faɗa, sai dai ya yanke. Sau uku ya tambayi yaron me ya kai shi katanga, yaron ya yi masa shiru. Shi kuwa ya ce da an yi hutun makaranta zai sa shi a mota zuwa wajen kawunsa, ya zauna can ya yi karatu can, tunda nan ya fi ƙarfinmu. Tafiyar yini guda ce, kin sani, kuma kawun nan nasa ba ya dariya sai da dalili. Uwar yaron tana ta aikinta da jajayen idanu. Na rubuta wa Babba cewa ya sassauta. Ya karanta, ya ninke takardar da ladabi, ya ce, “Baba, ai kai ka fara ce min yaron ya lalace.” Kuma da gaskiyarsa, na faɗa.

Na ƙirga kwanakin. Ranar da likita zai kwance min baki, saura kwana biyu a tafi da shi. Shekara goma sha uku yaron nan yana kwana a ɗakin da ke jikin namu, ina jin tarinsa ta bango. Ban san yadda zan yi da bangon nan ba in ya tafi.

Na kuma bar zaman benci. Jiya Sajan ya sake ba da labarin ɓarayin da ya kama shi kaɗai, waɗanda bara su uku ne, bana sun zama bakwai. Gyara ya taso min har wuya, sai da na ciji hannun riga. Don haka na share tsohuwar rumfar aikina ta bayan gida. Can zan riƙa yini da zarto da guntayen katako, inda ba mai shara min ƙarya in kasa tanka masa.

Ki gaida mutanen gidan duka, ki shafa min kan 'yan biyu.

Naki,
Tsohon kafinta

Laraba

Uwargida,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Ni ina samun sauƙi, har na fara haɗiye abinci ba tare da na runtse ido ba. Faɗan da kika yi wa Babba a waya na ji shi tun daga tsakar gida. Yana ta “to Inna, to Inna,” kin kuwa san “to” ɗinsa ba ta taɓa motsa ko kujera ba.

Ki gyara zama, yau labarin da tsawo, kuma ba ni ne gwarzonsa ba.

Na manta ban tuna miki ba cewa rumfar tawa a jikin katangar bayan take. Kwana biyu da komawata can, ina zaune ina fere ƙafar kujera, sai ga jakar makaranta ta faɗo tim a gabana. Sai ga ƙafa. Sajan ya gaji da gadi, yara kuwa ba su gaji da katanga ba. Da suka gan ni suka sandare, su huɗun. Lauya ce ta fara farfaɗowa. Ta matso ta leƙa fuskata, ta ce, “Baba Kafinta, wai da gaske ba ka iya magana?” Na gyaɗa kai. Ta ce ko kaɗan? Na sake gyaɗawa. Ta ce ikon Allah, da muryar wadda aka yi wa albishir.

Ban san abin da zan yi da su ba, sai na miƙa wa kowa samfefa da guntun katako, na nuna musu yadda ake gogewa. Suka zauna. Ranar farko hirar ƙwallo suka yi, suna satar kallona. Kafin kwana uku sun manta da ni, na zama kamar teburin aiki. A nan na fara jin abin da minti arba'in na Hedimasta bai tono ba.

Ashe bencin namu yana da suna a wajensu. Kotu suke ce masa. Hedimasta ne alƙali, Sajan mai gabatar da ƙara, Tela ɗan kallo. Mijinki kuwa Rediyo, wai shi ba a kashe shi, sai dai mutum ya bar wurin. Auta, na ce ban da dariya.

Lauya ta ba da labarin ranar da ta dawo daga makaranta da yunwa. Hedimasta ya aike ta sayen jarida. Ta kawo, Sajan ya tuna batirin fitilarsa. Ta kawo, kakanta ya tuna zare. Ta kawo zaren, ya ce ba wannan launin ba. Sau huɗu, shago ɗaya, jaka a baya, ta shiga gida abinci ya huce, uwarta kuma ta hau ta da faɗan yawo. Yaron nan na hawa na sama, wanda ya maimaita aji, shi kuma duk wucewar da zai yi sai Hedimasta ya tsayar da shi ya tambaye shi bakwai sau takwas, ko da baƙi a wurin. Kuma kada ki ɗauka son katangar suke yi. Doguwa ce, ƙaramin cikinsu ya taɓa gurɗe ƙafa ya ɓoye wa uwarsa kwana biyar. Sun dai auna ta da mu, suka ga ta fi sauƙi.

Duk wannan hira Takwara yana lungu yana goge katako. Jiya bai zo ba, uwarsa ta aike shi, sai na ji Lauya ta ce ai na Zakara ya fi na kowa muni. Na ɗaga mata gira. Ta ce sunan da ake kiran jikana ke nan yanzu. Daga benci ya fito, ya bi titi, ya shiga makaranta. In malami ya ce ya tashi ya yi karatu, sai 'yan bayan aji su fara cara ƙasa-ƙasa. Yaron da ke rigan kowa ɗaga hannu ya daina ɗagawa.

Uwargida, ni na raɗa masa sunan. Mako guda da tafiyarki ya zo wucewa ya gaishe mu, muryar ta fara da kauri irin na manya, ta karye a tsakiya ta ƙare siririya. Kin san shekarunsa ne suka kawo haka. Na ce a'a, zakaran gidanmu ya fara koyon cara. Tela ya buga cinya ya yi cara, muka yi dariya har da hawaye. Kafin yamma ni na manta. Tela bai manta ba, duk wucewar yaron sai ya yi, ni kuma in taya shi dariya, don a ganina wasa ne na kaka da jika. Da kina nan da tun ranar kin harare ni, magana ta mutu a wurin.

Yau da sauran suka watse Takwara ya tsaya. Na rubuta masa cewa Lauya ta gaya min. Ya karanta, ya ci gaba da gugarsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Da Tela ne kawai, Kaka, da ban damu ba. Kowa ya san Tela. Amma kai ka fara.”

Ya ce a banɗaki yakan gwada gaisuwar sau goma har ta fita daidai, amma da ya hango benci sai ta ƙi fitowa. Ya ce bai gaya wa ubansa ba don ba ya iya kai ƙarar kakansa, kuma ya san a tsakiyar bayanin muryar za ta sake ba shi kunya. Nan na fizgi fensir. Na fara rubuta masa cewa wasa nake yi, cewa mu a zamaninmu abin da aka yi mana ya fi haka. Na kai layi biyu sai ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar. Ya ce, “Ka gani? Ko ba murya sai ka ba da amsa.”

Na ajiye fensirin. Kin san abin da ya biyo baya? Kusan awa guda yana magana. Ya faɗi abokinsa da suka tashi daga unguwar ba sallama, da malamin da yake so, da tsoron gidan kawunsa. Ya ce ya daɗe yana son in koya masa aikin katako, amma yana gudun in ya yi kuskure ya zama labarin benci. Muryar ta karye sau da yawa, ba wanda ya mutu. Ni dai gyaɗa kai nake yi har wuyana ya ƙage.

Da zai tafi ya roƙe ni kada in rubuta wa ubansa, wai zai ce shirya maganar na yi don in cece shi. Kuma ya san ubansa. Saura kwana goma, ban san ta inda zan ɓullo ba. Ki taya ni da addu'a, faɗan kuma ki ajiye min shi sai kin dawo, na san na ci shi.

Naki,
Rediyon da aka kashe

Lahadi

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Ina fata 'yan biyu suna barinki ki runtsa. In kin dawo kika ga ƙura a ƙarƙashin gadonki ta yi sawun ƙarfe, ga dalilin.

Shekaranjiya, da abokan zamana suka shiga hutun rana, na sa yaran suka ɗauko bencin suka kawo rumfa. Na wargaza shi. Ba zalunci na yi masa ba, tun bara ƙafa ɗaya ke rawa. Sannan na rubuta wa yaran abin da nake nufi, na tambaye su ko sun yarda, don na koyi tambaya. Lauya ta ce ita tun ranar da aka haife ta take shirye. Yaron hawa na sama ya ce zai gwada. Takwara ya ci gaba da gugar katakonsa.

Jiya da safe sai ga dattawa uku a bakin ƙofa suna tsaye kamar waɗanda mota ta bari. Sajan har ya fara zargin masu gyaran taya na tsallaken titi. Na aika musu takarda cewa benci yana wajena, yana son gam, ni kuma ina son hannuwa, su zo bayan abincin rana. Na aika wa Babba tasa, tunda Asabar ba ya fita da mota. Tasa ba roƙo na rubuta ba.

Kin san aikin gam. In an shafa an haɗa katako, sai an matse shi rabin awa ba motsi, in ba haka ba ya buɗe baki. Kin kuma san ina da ƙarafunan matsewa guda huɗu. To ranar suna ƙarƙashin gadonki. Na shafa gam, na haɗa allunan, na ba kowa gefensa: Hedimasta da Sajan a dama, Tela da Babba a hagu, kowa ya danna da hannu biyu. Na rubuta da alli a jikin ƙofa cewa duk wanda ya saki kafin rabin awa, a ƙasa za mu riƙa zama. Sannan na buɗe wa yaran suka shigo, na zauna da guduma a cinya.

Lauya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da ladabin da ban san tana da shi ba, ta ce ranar nan an tambaye su ko suna da abin cewa suka ce babu, to yau akwai. Hedimasta ya buɗe baki ya ce a zamaninsu. Na buga guduma a tebur. Ya dube ni, na dube shi, ya rufe. Sajan kuwa Allah ya taimake ni da shi, ba ya iya magana sai da nuna yatsa, yatsan kuma yana kan aiki. Sau ɗaya ya ɗaga hannu, allon ya buɗe, Tela ya yi masa tsawa, ya mayar.

Ta faɗi maganar aike tiryan-tiryan, har da launin zaren, kakanta yana kallon rufi. Ta ce su ba ƙin aike suke yi ba, a dai haɗa a faɗa lokaci guda, kuma a bari mutum ya ajiye jaka ya sha ruwa. Yaron hawa na sama ya ce ya iya lissafin, idanun mutane ne ke kore masa shi. Don ya nuna, ya juya ya fuskanci bango ya karanto jadawalin sau bakwai daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba. Hedimasta ya bi shi da leɓe har ya gama.

Daga nan sai Takwara kaɗai ya rage. Na dubi agogo, saura minti goma. Takwara yana lungunsa, ni kuwa na hana kaina ko kallonsa, kada ya zama na tura shi. Ina ta ƙirga ƙusoshin da ke cikin gwangwani sai na ji ya tashi.

Ubansa ya fuskanta. Ya fara da kauri, a kalma ta uku muryar ta karye ta haye sama. Uwargida, ban taɓa jin tsawon daƙiƙa irin wannan ba. Na dubi Tela. Kumatunsa sun cika, kafaɗarsa ta fara rawa. Ya dubi yaron, ya dubi gudumar, ya haɗiye abinsa kamar mai shan magani. Yaron ya tsaya, ya ja numfashi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya faɗi komai, da caran, da 'yan bayan aji, da wanda ya fara, bai rage min ko kaɗan ba, kuma na ji daɗin da bai rage ba. A ƙarshe ya ce, “Baba, ban raina kowa ba. Kunya nake ji.”

Babba bai ɗago ba, idonsa a kan gam ɗin da ke tsattsafowa tsakanin alluna. Rabin awa ya cika, ya wuce da kwata, ba wanda ya tambayi lokaci. Sai da na taɓa kafaɗar Sajan sannan suka saki.

Kada ki zaci kowa ya tuba. Sajan ya ce duk da haka hawan katanga laifi ne, doka doka ce, amma maganar kwalabe a iya jinkirta ta. Hedimasta ya ce ai abin da yake faɗa ke nan tun farko, a saurari yara. Tela bai iya ba da haƙuri ba, kin san shi, sai ya ce wa Takwara ya kawo masa wandon nan da ya yage kafin yamma, kuma ya kira shi da sunansa na gaskiya.

Babba kuwa ya wanke gam daga hannunsa, ya yi mana sallama, ya shige. Har yanzu da nake rubutun nan bai ce komai ba. Jakar tafiyar tana nan a bayan ƙofarsu inda ya ajiye ta. Amma ko me zai yanke, ya ji da kunnensa, daga bakin ɗansa. Jiya na ci abinci har na nemi ƙari.

Naki,
Kafinta

Juma'a

Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Auta mai karatu, da maigidanta, da ƙananan. Jiya likita ya kwance ni. Ya ce wurin ya warke sarai, amma in riƙa magana da awo kamar gishiri. Da na so in kira ki a waya, sai na ga wannan labarin in na fara shi da baki zan cika shi da ƙari, ke kuma ki ce in taƙaita. Gara takarda.

Maganar farko da na yi a gidan nan ta Takwara ce. Na same shi a rumfa na ce masa na yi kuskure, ya yafe min. Ban ƙara da amma ba, ko da yake ta zo har bakin haƙori. Ya ce ya wuce, Kaka, sannan ya tambaye ni ko yau zan bar shi ya riƙe zarto. Na bar shi. Ya yanka a karkace, kuma ba wanda zai ji wannan a bakina sai ke.

Benci ya koma bakin aiki, amma ba a bakin ƙofa ba. Yaran ne suka zaɓa masa wuri, gindin bishiyar nan ta gefe, taku goma daga ƙofar. Mai sauri ya gaisar daga nesa ya wuce, mai lokaci ya ƙaraso. Abin mamaki, suna ƙarasowa. Shekaranjiya na tarar da yaron hawa na sama yana nuna wa Hedimasta yadda ake ƙara girman rubutu a waya, yana ce masa a'a Malam, sake gwadawa. Aike ya koma sau ɗaya, Lauya ce ke bi tana tambayar kowa kafin ta fita, da fuskar mai karɓar haraji. Ƙaramin cikinsu dai har yau yakan hau katanga. Da aka tambaye shi ya ce shi yanzu don daɗi yake hawa. Na bar wa Sajan wannan.

To ga wadda kike jira. Yau da safe ina shara a rumfa sai ga Babba da kayan aikinsa a jiki. Ya gaishe ni, ya jawo guntun gungume ya zauna, abin da bai yi ba tun yana saurayi. Ya ce ya kira kawun yaron ya gaya masa ba sai an zo ba. Takwara yana nan. Na jingina tsintsiya da bango. Na zauna na ce alhamdu lillahi, ban san sau nawa ba.

Na ɗauka zai tashi, sai ya ci gaba da zama yana juya makullin mota a hannu. Can ya ce, “Baba, ka tuna tsohon gidanmu, lokacin da nake kamar shi? Ni ma ta baya nake shiga.”

Ya tuna min ranar da ya yanke yatsa da kurfi, ƙarfen sassaƙar nan, a shagona, ya ga jini ya suma. Ni na manta da ita sai da ya faɗa. Ya ce shekara uku duk wanda ya kawo aiki sai na ba shi labarin, har da yadda ya faɗi, shi kuwa yana tsaye da tsintsiya yana murmushin dole. Ya ce tun daga nan ya tsani ƙamshin katako. Ni kuwa shekara talatin ina gaya wa mutane cewa yaron nan hannunsa ne bai karɓi sana'a ba, shi ya sa ya zama direba.

Uwargida, amsa ashirin ta zo min, ga kuma murya sabuwa fil da likita ya ba ni jiya. Na danne su duka, na ce masa ina ji. Ya yi ta magana. Ya faɗi ciwon bayan da yake ɓoye wa matarsa, da yadda in ya zauna da ɗansa yakan rasa ta inda zai fara, sai ya ji umarni kawai ke fita. Ya ce ranar gam ɗin nan da ya ji muryar yaron ta karye, ji ya yi kamar shi ne a tsaye. Bai tashi ba sai da aka kira shi a waya sau biyu daga wajen aiki. A bakin rumfa ya juyo ya tambaye ni ko ina nan ranar Lahadi da safe, wai bai gama ba. Na ce ina nan.

Ki fara haɗa kayanki haka nan, Auta ta iya sauran. Ki faɗi ranar, angon naki zai zo tasha ya tarye ki. Ki gaida kowa da kowa. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki,
Tsohon kafinta